Ƙunshin da ya tafi Dirku

Shekarar da ɗiyata ta fari ta zo wankan jego gidanmu, da jaririya a kafaɗa da ordinatar, wato kwamfuta, a jaka ta iso. Na yi faɗa. Ta yi dariya ta ce, "Inna, jegon nawa ne, aikin na mutane."

Na yi kolej, ina karanta faransanci, amma sai da ta zaunar da ni kafin na gane aikin. Ƙungiyar da take yi wa aiki tana da ƙaramin gidan likita can Dirku. Suna da babbar na'ura guda da ake yanka cikinta ta zama ƙananan na'urori da yawa, kamar yadda ake yanka fili a fitar da ɗakuna. Lojisiyel ɗin, wato manhajar da ke wannan yankan, ba na sayarwa ba ne. Masu shi sun bar shi a buɗe, kowa ya ɗauka, kowa ya ƙara abin da ya iya. Ɗan ƙarin da ɗiyata ta rubuta, aikinsa ya adana bayanan marasa lafiya kafin kuran, wato lantarki, ya ɗauke. Ta gama rubutawa, saura ta ƙunshe shi yadda wani zai buɗe ya girka ba tare da ita ba.

Rezon intanet a Dirku sai a hankali, don haka ta zuba ƙunshin cikin ɗan kile, abin nan kamar yatsa da ake soka wa na'ura a kwashi bayanai, ta ba mai motar Litinin. Bayan kwana huɗu ma'aikacin can ya kira, ya ce abu ya ƙi. Ashe ƙunshin yana buƙatar wasu ƴan kayan aiki da nan Agadas yake jawowa ta rezo shi kaɗai, ita ba ta ma lura ba. Shugabanta ya ce a sake aikawa sau ɗaya. In ya ƙi, da ta yi arba'in sai ta bi mota ta je da kanta.

Na san hanyar nan. Maigidana ya yi shekaru yana bin ta zuwa Sigidin ɗauko dabino, na san yadda leɓensa ke dawowa a tsage. Na dubi jaririya tana barci a tabarma.

Da hantsi ina tankaɗe, na ce mata, "Ƴar nan, kin sha shayin ƙunshin naki?"

"Wane shayi kuma, Inna?"

Sai na ba ta labari. Ina amarya, ran da na fara haɗa wa ubanta guzurin hamadar Tenere, marigayiya innata ta zo ta ja ƙofar madafa ta rufe. Ta zaunar da ni tsakar gida da buhun, ta ce in dafa mata shayi da abin da ke ciki kawai. Na fito da buta, da ganye, da sukari, da gawayi, ina ta yanga. Na tashi in ɗebo garwashi a murhu, ta riƙe mini zane. Ashe ban sa alimeti na kunna wuta cikin buhun ba. Kullum wuta tana gefena, ban taɓa lissafa ta cikin kaya ba.

Ɗiyata ta ce, "Ai na gwada shi ya fi sau goma."

"A ina?"

"Nan."

"Da madafa a buɗe."

Da salularta take samun rezo, sai na miƙa hannu na ce ta kashe ta ba ni. Na ɗaure ta a gefen zanena. Ta fitar da sabuwar ƴar na'ura wadda ba komai cikinta, ta buɗe ƙunshin. Ya tsaya. Ta rubuta abin da ya rasa a takarda.

"Inna, ba ni minti ɗaya."

"A Tenere wa zai ba ki minti ɗaya? Gama lissafin tukuna."

Abu uku ta manta. Sai bayan azahar na kwance mata salular, ta jawo su ta cusa, na sake ƙwacewa. Sai a gwaji na uku ya tashi tsaf. Takardar bayanin ma ni ta ba in karanta, inda na yi tuntuɓe ta sake rubutawa. Ta ce in dai na gane, kowa ya gane. Na ce Allah ya shirye ta.

Ran Litinin kile ya tafi, na haɗa wa ma'aikacin da cuku da kilishi. Kwana huɗun nan ba sallar da ban sa shi a addu'a ba, ina jin kunyar roƙon Ubangiji a kan abu kamar ɗan yatsa, ina kuma roƙo. Juma'a bayan la'asar salula ta yi ƙara. Ban ji abin da aka ce ba, na ga dai ta ɗauki jaririya ta rungume. Na yi sujada nan kan yashi.

Daga baya ta ɗora ƙunshin inda kowa zai ɗauka kyauta, kamar yadda ita ma ta samu. Ta ce har daga wata ƙasa mai nisa wani ya rubuto yana godiya, su ma rezonsu ba kirki. Da ta yi arba'in, ɗakin mijinta muka raka ta, unguwa biyu tsakaninmu. Da na dawo na dafa shayi, na yi wa innata Fatiha.