Faifan Gwaggo Lesieli Ya Sha Rana

A gidanmu na garin Neiafu da ke kan tsibiri ba a yi wa Gwaggo Lesieli musu. Yayar babana ce, ko fasto sai ya gyara murya kafin ya ce mata a'a. Dukiyarta tabarmin da ta gada tun kaka da kakanni ce, jibge ƙarƙashin katifa har gadon ya kusa taɓo rufi.

Da mijinta Maikolo ya rasu, abin da ya rage na muryarsa waƙoƙi ne da aka ɗauka a waya wajen zaman shan kava, abin shanmu na gargajiya da ake yi da saiwa. Wayar ta fara ciwon tsufa, sai Gwaggo ta kira ni in faɗa mata inda za a adana su har jikokin jikoki.

Na kawo filashi, ɗan mitsitsin abin nan na adana bayanan kwamfuta. Ta juya shi a tafin hannu.

"Ke Kalolaine, mijin nawa guda za ki cusa a wannan? Kaza ma sai ta haɗiye shi."

Na ce to a ajiye a intanet.

"Idan ya ɓata, ƙofar gidan wa zan je in tsaya?"

Faifan sidi ta zaɓa, don yana sheƙi kuma ana iya riƙe shi hannu biyu. Na kwafa mata da yawa, na ce ta sa su wuri mai sanyi da duhu. Ta ce ni da aka haifa jiya zan koya mata ajiya?

Ta jera su tsakanin tabarmi. Kuma kamar yadda kowace mace mai hankali take yi a tsibirin nan, duk sanda damina ta wuce sai ta fito da dukiyarta ta shanya don kada ta yi funfuna. Har da faya-fayan. Na same su kan ciyawa suna ƙyalli da tsakar rana, raina ya ɓaci, amma na haɗiye. Gwaggo ce.

Shekaru suka tafi. Da bikin jikarta ya matso, ta ce da muryar Maikolo amarya za ta shigo. Muka sa faifan farko, shiru. Na biyu ya yi tari ya tsaya. Duk sun lanƙwashe kamar ɓawon ayaba. Wayar kuwa ta daɗe da mutuwa. Gwaggo ta zauna bakin gado ba ta zagi kowa ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Tausayinta ya kama ni sosai.

Can ta ɗago. Ashe ta taɓa naɗe faifai ɗaya cikin tabarmar da ta kai wa Seini, ƙanwar marigayin, gudummawar suna can birnin Auckland, ƙetaren teku. Muka buga waya.

"Wane faifai?" in ji Seini.

"Na cikin tabarmar da na ba ki!"

"Ayya Yaya... tana cikin kabad, ban kai ga warware ta ba."

"Ba ki warware ba? Saƙar kakata? Ko rana ba ta taɓa gani ba? Kin ji kunya, Seini!"

Ranar biki Seini ta sauka da faifan a jaka, tana ta sunkuyar da kai. Aka kunna. Maikolo ya yi gyaran muryar nan tasa, ya ja baitin farko. Gwaggo ta laluba ta kamo hannun Seini ta riƙe gam, ta amsa masa amshi kamar yana zaune a gefenta.