Bunu Ya Samu Uwa a Ruga

Bunu masunci ne a gefen Auyo, Babarbare mai jin Fulatanci. Da damina ruwa kan datse wa Fulanin ƙetaren kogin Haɗeja hanyar asibiti, shi ke fito da marasa lafiyarsu a kwalekwale.

Ranar da maciji ya sari wata tsohuwa, Inna Dije, ya ƙetarar da ita, ya kai ta asibiti a babur. Da yake ba ta jin Hausa, aka bar ta zaune, ana ta duba 'yan gari.

Bunu ya tari nas ya ce, "Malama, uwata ce, kububuwa ta sare ta."

Nan take aka shiga da ita. Da ta warke aka fassara mata abin da Bunu ya gaya wa nas, ta ce tunda ya faɗa da bakinsa, ya zama ɗanta. Har yau kindirmo ba ya yankewa a gidansa.