Kwamfutar da ke Kiran Tsohon Gidanta

Shekarar da sojoji suka koma bariki, ko wadda ta biyo ta, na samu aiki a wani shagon buga takardu a Barnawa. Mai shagon dattijuwa ce 'yar cocinmu da ta yi ritaya daga sakatariya, kowa Mama yake ce mata. Kwamfutarta 'yar gwanjo ce daga Turai. Tana aiki lafiya, amma tashinta da safe sai ka ce tsohuwa mai ciwon gwiwa. Sai in kunna ta, in share shago, in sayo ƙosai, in dawo in tarar ba ta gama ba.

Da haƙurin Mama ya ƙare, ta kira mai gyara daga Tirkaniya.

"Mama, wanke ta za a yi tas, a zuba komai sabo," in ji shi.

Na ce, "Abin da ke ciki fa?"

"Haba mai digiri! In ana wanka, ana zaɓen dattin da za a bari?"

A cikinta akwai kundin kammala karatun wata nas 'yar Filato, wanda na sha wahalar bugawa, ranar miƙawa ta matso, kuma ramin faifan kwamfutar bai taɓa aiki ba balle in kwafe. Na roƙi Mama ta ba ni zuwa Asabar.

Na taɓa ji, ban tabbata a aji ne ko a bakin wani ba, cewa akwai maɓallin da ake dannawa tana tashi, sai ta rubuta duk abin da take yi. Na daɗe ina juya abin, don ina tsoron in ƙara ɓata ta. Daga ƙarshe na danna.

Da na buɗe rubutun, na bi shi layi-layi. Ashe duk lokacin da nake ganin baƙin allo, ita tana ta zagaye. Ta taɓa madannai ta rubuta sun amsa, ta taɓa allo, ta taɓa firinta, layi bayan layi, kowanne da alamar lokacinsa. Ban taɓa sanin akwai abin da mutum ya ƙera da ke ba da labarin farkawarsa ba.

Can ƙasa na ga inda lokacin ya yi tsalle. In na fahimta daidai, wayar sadarwa take nema, wadda ta haɗa ta da sauran kwamfutocin ofishin da ta baro. Kullum sai ta kira su, ta tsaya jiran amsa, sai ta gaji take wucewa.

Na nuna wa Mama, ina ta cewa wataƙila ne fa. Ta sa tabarau ta daɗe tana kallo.

"Ikon Allah! 'Yan'uwanta take kira daga Barnawa?"

"Kusan haka, Mama."

"To, ɗana, gaya mata nan ne gida yanzu."

Na kashe wannan sashen na neman waya, na sake kunna ta. Kafin Mama ta mayar da tabarau gidansa, kwamfutar ta tashi. Kundin nas ɗin na fara buɗewa, yana nan har shafin ƙarshe. Mama ta aika wa mai gyara ya sha zamansa.