Rabin Labari a Ƙofar Mma

Akwai abubuwa da yawa da shekaru suka wanke mini daga kai, har sunayen wasu ɗaliban da na koyar sun ɓace mini. Amma abin da ya sami Mma mai koko ta layinmu a unguwar Maamobi, wannan kam da shi za a kai ni kabari. Ko yanzu da nake rubutawa sai na ji wata gajiya ta sauko mini a kafaɗa, irin wadda barci ba ya maganinta.

Mma ƙawar mahaifiyata ce, amma duk layin haka muke kiranta, babba da yaro. Tun ina ƙarama take sayar da koko da ƙosai a bakin hanya, tana naɗe ƙosan a tsohuwar jarida. Da yawa cikinmu a jikin wannan takarda mai maiƙo muka fara haɗa baƙin boko. A lokacin mutum ɗaya ne zai sayi jarida, ta zaga majalisar masu shayi, ta leƙa shagon tela, ta kwana gidan liman, in ta tsufa ta ƙare a teburin Mma. Ba wanda ya taɓa tunanin labari zai iya yin ƙofa, balle makulli.

Bayan mijinta ya rasu, 'ya'yanta suka yi nisa, sai ɗakinta na biyu a gidan gado ya zama ba kowa. Ta buɗe shi ga kayaye, wato 'yan matan nan da ke zuwa daga arewacin Ghana suna dako a kasuwa da manyan tasoshi a ka. Waɗanda ba su da makwanci sai gaban shaguna, su ta shimfiɗa wa tabarmi, kuma ko sisi ba ta karɓa. Da magariba za ka gan su suna shiga ɗaya bayan ɗaya ta wata shuɗiyar ƙofa, da asuba su fice. Kowa a layin ya sani, ba kuma mai zancen. A wurinmu ba a tallar alherin mutum. Ana tsoron baki, ana kuma tsoron a rage masa lada.

Sai ga wata baturiya 'yar jarida ta zo daga ƙasar waje tana neman labarin kayaye. Da yake Turanci nake koyarwa, ni aka kira na yi tafinta. Mace ce mai kirki, ba zan yi mata ƙarya ba. Ta zauna a benci ta sha koko, barkono ya sa ta hawaye, muka yi ta yi mata dariya. Ta tambayi telan da ke kallon ƙofar Mma me ake yi a ɗakin nan. Ya duba hagu, ya duba dama, ya rage murya ya ce, "Wannan, ba a faɗi." Na fassara mata, na kuma yi mata bayanin abin da ya sa ba a faɗa ɗin. Ta rubuta duka. Ita Mma da farko ƙi ta yi a rubuta labarinta, sai da aka ce mata wataƙila wani ya karanta ya taimaki yaran. Ta ce, "Yoo, in dai yara nan za su samu gidan sauro, bar shi ya rubuta."

Da labarin ya fito a shafin jaridar na intanet, hoton shuɗiyar ƙofar ne a sama, ga 'yan mata sun ba da baya suna shiga. Layukan farko suka ce kowace magariba 'yan mata ƙanana suna ɓacewa a bayan wata ƙofa a Maamobi, wata tsohuwa ce ke karɓarsu, in kuma ka tambayi maƙwabta sai su rage murya su ce ba a faɗa. Daga nan sai rubutun ya fara dusashewa, wani akwati ya rufe sauran, wai sai wanda ya biya kuɗin shiga zai ci gaba.

Ban san wanda ya fara ɗaukar hoton fuskar wayarsa ya tura ba, kuma na daina son in sani. Abin da na sani shi ne hoton ya zaga duk guruf-guruf na waya na zango, wato unguwanninmu na Hausawa, daga Nima har Zongo Lane. Wani ya ɗora masa saƙon murya da Hausa, wani da Twi, wani da Dagbanci, kowa yana ƙarasa abin da akwatin ya rufe da abin da ke cikin kansa. Kafin ya dawo wayata, Mma ta zama mai safarar yara zuwa ƙasashen waje. A wani guruf ɗin ma abin da aka ce ba zan iya rubuta shi ba.

Na je wurinta da safe na tarar da benci ba kowa, koko yana hucewa a tukunya. Ta dube ni ta ce, "Malama, baturiya nan mi ya rubuta? Karanta mini." Na karanta ina fassarawa, har na kai inda rubutun ya mutu, na tsaya.

"Ci gaba mana."

"Mma, an kulle sauran."

"Wa ya kulle?"

"Masu jaridar. Sai an biya."

Ta ajiye ludayi. "Ei! Labari na? Ni na ba shi kyauta fa. Har koko na ba shi."

Na kashe wayar na mayar cikin jaka.

Abin bai tsaya ga ciniki ba. Wata mata daga Old Fadama, unguwar da kayaye suka fi zama, wadda iyayen yaran suka damƙa mata amanarsu tun daga ƙauye, ta zo ta kwashe su. Ban ga laifinta ba, ita ma saƙon muryar ta ji. Yaran suka fito da tasoshinsu da ƙunshin tsummokaransu, wata cikinsu tana kuka tana riƙe zanin Mma, ana janye ta. Washegari babban gidan gadon, wato dattijon da ke kula da shi, ya aiko cewa a rufe ɗakin sai ƙura ta lafa, sunan gida ba na mutum ɗaya ba ne.

Ni kuwa na shiga fafutukar buɗe labarin. Na ce zan biya da momo, kuɗin waya da muke biyan komai da shi, shafin ya ce bai san wannan ba, sai katin banki mai aiki a waje. Na bi abokan aikina ɗaya-ɗaya, wannan ba shi da shi, wancan yana tsoron su riƙa cirar masa kuɗi duk wata. Na rubuta wa baturiyar, shiru, ashe tana can wata ƙasa a kan wani aikin. A ƙarshe trotro, motar haya, na hau zuwa unguwar Adabraka wurin wani ɗan kawuna mai aikin ofis, shi ya sa katinsa. Kafin nan kwanaki sun shuɗe, kuma a zango kwanaki sun isa a binne sunan mutum.

Da na karanta sauran a ofis ɗin nan, hawaye ne suka zo mini, na takaici. Layin da ya biyo bayan makullin kai tsaye shi ne ya bayyana cewa maƙwabta suna yin shiru ne don kare ladan tsohuwar. Sauran duk yabo ne, har da zancen gidan sauron. Daga baya baturiyar ta amsa tana ba da haƙuri, ta ce haka ake buɗe labari don a jawo mai karatu, kuma in ba a biya ba jaridar ba za ta rayu ba. Na yarda da ita. Na ga yadda teburan masu sayar da jarida suka ɓace daga bakin titi, na san ita ma sai ta ci abinci. Amma mu da aka jawo, a bakin ƙofa aka bar mu.

Na tura cikakken labarin a kowane guruf. Dogon Turanci ne, ba hoto, ba murya. Kaɗan ne suka buɗe. Wata ma cewa ta yi, "Ai Malama ne ya rubuta da kanshi don ya wanke shi." Sai na koma wurin Mma na gaya mata na gaji.

Ta juya ƙosai a mai, sannan ta ce, "Abu nan, ana iya sa shi a takarda?" Na ce ana iya. "To je ka buga da yawa. Zango ba ya karanta waya, yana kallo ne kawai. Amma takardan ƙosai, kowa yana karanta."

Na je shagon masu buga takardu na bugo tuli, labarin duka a takarda ɗaya, gaba da baya. Da safe na zauna kusa da ita. Yarinyar da ta fara zuwa ƙosai kaɗan ta saya. Hannun Mma ya ɗauki takarda ya kama tsakiyarta zai raba biyu, yadda ya saba tun kafin a haife ni. Har ta ɗan tsage, sai ta tsaya. Ta shafa wurin da tafin hannu ta ce, "A'a. Wannan ba a yanka shi rabi." Ta naɗe 'yan ƙosan nan a cikakken shafi.

Haka labarin ya shiga gidaje da maiƙonsa. Wasu suka karanta, wasu 'ya'yansu suka karanta musu. A hankali benci ya fara cika. Wata safiya telan nan ya zo, shi da na san ya tura hoton a guruf ɗin masallaci. Ya tsaya ya karanta takardar gaba da baya, ƙosan yana hucewa a hannunsa, sannan ya ce, "Mma, ka yi haƙuri. Wallahi ba mu sani ba."

Ba ta ɗago kai daga kasko ba. Ta ce, "Kun sani. Shagon ka yana kallon ƙofa na."

Ciniki ya dawo, amma yaran ba su dawo ba. Ba su iya karatu ba, takardar ƙosai kuma ba ta kai Old Fadama ba. Babban gida ya ba da ɗakin haya ga wani mai gyaran waya. Damina ta sauka a shekarar, na riƙa ganin kayaye a rakuɓe gaban shaguna suna rufe kai da tasoshinsu, ina kawar da ido. Har Mma ta bar duniya tabarmin nan suna naɗe a bayan gadonta, ta hana a bayar.

Na daɗe ina jin haushin makullin, kuma har yau ban huce ba, don na ga yadda ƙarya ke yawo kyauta gaskiya tana jiran katin banki. Amma da shekaru suka ja, na gane ba makullin ne ya kori yaran ba. Mu ne, da muka ga ƙofar nan da idonmu shekara da shekaru, muka bar layi uku daga wata ƙasa suka fi idonmu ƙarfi. Shirun da muka yi don kare ladan Mma, shi muka ci gaba da yi ranar da take bukatar mai magana. Tun daga nan, duk wanda ya turo mini rabin labari, tambaya ɗaya nake yi masa: ina sauran? In kuma na san alherin mutum ana ɓata shi a gabana, na daina cewa ba a faɗa. Faɗa nake yi, da ƙarfi.