Ƙwayar fitsari

A bencin asibitin zuciya muka saba da shi, wani dogon mutumin Filato mai aiki a kamfanin fata a unguwar masana'antu ta Challawa. Ni kuma buhu muke saƙawa a Sharada. Dukanmu zuciya ta gaji, dukanmu an dasa mana na'ura a ƙirji, wadda in zuciya ta rikice take zaburar da ita. Mu dai batir muke ce mata.

Duk ranar ganin likita sai mu baje magungunanmu a benci kamar 'yan koli, kowa na kushe na ɗan'uwansa. Nawa farare, nasa har da ja da ruwan ɗorawa. Abin da ya tsaya min a rai shi ne ƙwayar da ke rage ruwan jiki. In na sha tawa da safe, kafin azahar na yi sawu takwas zuwa banɗaki, har shugaban layinmu ya ce ko can za a kai min injin. Shi kuwa gogan ya ce tasa ta zamani ce, daga safe har tashi ba ya motsawa. Wallahi hassada ta kama ni.

Da aka kira ni, sai na jawo hannunsa muka shiga tare, yana ta noƙewa. Na zazzage ledojin biyu a teburin likita, na ce a daina nuna min bambanci, irin tasa nake so.

Likita ta jujjuya kwalayen, ta ce ai magani ɗaya ne, kamfani ne kawai daban. Sai ta daina kallona. Ta sa shi ya cire takalmi, ta danna ƙaurinsa, yatsanta ya lume kamar a ƙullin fulawa. Ashe ranar Lahadi kaɗai yake shan ƙwayar, don a wajensu wanda ya cika barin inji ba ya daɗewa a aiki, ga 'ya'ya huɗu a makaranta.

A ranar aka ba shi gado. Da ya koma aiki aka ɗauke shi daga inji aka mayar da shi gadi a bakin ƙofa.

Na je gaishe shi da kankana, kunya kamar in nutse. Ya karɓa bai dube ni ba.

"Malam, bakinka ya raba ni da injina," ya ce. "Matata kuma ta ce in yi maka godiya. Zauna, ita ce ta ce, ba ni ba."