Kilishin da Aka Naɗe a Jirgi

A shekarun da kuɗin fetur suka cika ƙasa, soja na mulki, gwamnati ta tura maigidana kwas Ingila. Bayan ya zauna da gindinsa sai ya aiko mu bi shi, ni da 'yarmu mai shekara huɗu. Duk unguwarmu ta Gawon Nama ana taya ni murna, ni kuwa hankalina bai kwanta ba, don yarinyar nan ba ta shiri da gyaɗa. Ko ɓarɓashin ƙuli-ƙuli ta lasa sai leɓenta ya kumbura, numfashi ya riƙa fita da ƙyar. Sau ɗaya na gani a ƙasa, ban so in sake gani a sama inda babu likita.

Abincin Turawa bai dame ni ba, wannan sai in tambaya. Mutanenmu nake tsoro. Namu ba ya kwance guzuri yaro na kallo bai miƙa masa ba, ga shi mun hori yarinya kada ta ƙi kyautar babba. Sai na shiga koya mata ta ce a'a. Uwar mijina ta ji mu, ta aje carbi.

"Mi nika ji haka? Jikata ta maida hannun babba? Ba cikin gidanga ba!"

"Inna, maganar ranta fa ake yi."

Sai ta ce, "To, ta tara bakin riga ta amsa, ta yi godiya, ta kai miki. Baki dai a ruhe."

Haka suka dinga gwaji da dabino har ranar tafiya. Rabonsu da yin shiri irin wannan an daɗe.

A Kano muka hau jirgi. Kusa da mu wani dattijo ne mutumin Wamakko, mai fataucin shanu, za shi a duba masa ido. Kafin mu ɗaga har ya ce yarinyar amaryarsa ce, ita kuma ta ce ba ta son mai furfura. Ganin sun saba, na tashi in tambayi ma'aikaciyar jirgi da wane mai aka yi abincinsu.

Tun kafin in iso wurin zamana na jiyo ƙanshin kilishi. Na ƙara sauri, don kowa ya san da tunkuzar gyaɗa ake dama labunsa, wato haɗin da ake tsoma naman a ciki. Na samu yarinyar ta tara riga da hannu biyu, ga jan kilishi a ciki, ta damƙe baki kamar wadda za a ba maɗaci. Ido kuwa yana kan naman, har da haɗiyar yawu.

"Ban ci ba, Mamma. Na yi godiya."

Duk da haka sai da na buɗe bakin na duba.

Tsohon ya ce, "Ɗiyata, lahiya? Amarya ta raina sadakina?"

Na yi masa bayani. Dariyar ta ɗauke daga fuskarsa, ya yi salati, ya naɗe kilishinsa tsaf ya tura ƙasan jaka. Ya je ya wanke hannu da baki, a hanyar dawowa kuma ya bi duk wani mai hula yana faɗa masa kada ya kuskura ya ba amaryarsa komai.

Da aka kawo abinci ya ƙi taɓawa, wai bai san wanda ya yanka ba. Shayi kawai ya sha. Nan na gane kilishin nan shi ne duk abincinsa na tafiyar, tausayinsa ya kama ni.

"Baba, ku ci abinku, mu sai mu sake wuri."

"Ki raba ni da amarya don nama? Ni da na tsuhwa cikin shanu? Zamna."

Ina jin cikinsa na kuka, yana rufewa da tari. Ita kuwa ta jingina kai da hannun rigarsa ta yi barci, numfashinta na fita sumul. Bai motsa wannan hannun ba har muka sauka.