Abin da Likita Ya Ce a Yi wa Inna

A aji biyar na sakandare a Safana na fara gamuwa da kalmar starve. Malaminmu na Turanci ya rubuta ta a allo, ya ce ma'anarta mutum ya mutu saboda yunwa. Ban sha wahalar riƙe ta ba. A shekarar ne muka baro Babban Duhu saboda ɓarayin daji, muka raɓe a gidan kawuna, inda sau ɗaya ake ɗora tukunya a yini.

Shekara guda bayan na gama makaranta, ciwon cikin da Inna ta daɗe tana ɓoyewa ya kayar da ita. Aka ce ƙari ne, sai an yi aiki. Muka tafi wani asibiti a Batsari, ni da ita kaɗai, don Baba yana ƙwadago a gonar wani, in ya bari ba abin da ƙannena za su ci.

Likitan da ke yin aikin ba ya jin Hausa, kuma ranar Laraba kawai yake shiga tiyata. Da ya zo zagaye yammacin Talata ya yi tambayoyi, ni kuwa na yi ta amsa masa da Turancina na makaranta, har ina jin daɗin yadda matan ɗakin ke kallona. Da zai wuce ya dubi nas ɗin da ke bin sa, wata dattijuwa mai tabarau, ya ce, “Starve her from ten o'clock.”

Na ji kalmar sarai: daga ƙarfe goma, a bar ta da yunwa. Nas ɗin ta tambaye ni ko na dai ji abin da ya ce. Na gyaɗa kai. Kunya ta hana ni cewa ban gane ba, bayan duk Turancin da na zuba.

Na zauna bakin gado ina jujjuya maganar. Ko ya ga ba za ta tashi ba ne, ya ce a daina ɓata abinci? Ko haka suke yi wa marasa galihu? Na san likita ba zai ce a kashe mutum ba, amma kalmar na san ta, kuma ma'ana ɗaya na sani. Ga Inna kwance, wuyan hannunta bai fi na yarinya ba. Matar da takan ce ta ƙoshi don mu samu, ita ce yau za a hana da gangan.

Da gari ya waye ta ce maƙogwaronta ya bushe. Na fita bakin ƙofar asibiti na sayo koko da ƙosai biyu, na ɓoye cikin hijabi. Na tare ta da jikina, na ba ta a hankali. Ta sha rabi.

Da aka zo ɗaukarta, nas ɗin ta hango kofin a ƙarƙashin gado. Ta tambaya wa ya sha. Inna ce ta amsa.

Nas ɗin ba ta yi mini tsawa ba, da ma ta yi. Ta cire tabarau ta ce, “'Yata, da an yi mata allurar barci da kokon nan a cikinta, amai zai taso ya shige huhu. Ai don a tsare ranta aka ce kada ta ci komai. Me ya hana ki tambaya?”

Ta bayyana mini cewa a bakin ma'aikatan asibiti kalmar tana nufin a hana mutum ci na ɗan lokaci kafin aiki. Aka ɗage tiyatar sai wata Larabar.

Wannan makon kwana bakwai ne kamar kowane, amma ban taɓa ganin mai tsawonsa ba. Duk sanda ciwon ya murɗa Inna ta dafe ciki, sai in ji ni na jawo. Na kira Baba a wayar maƙwabci na gaya masa gaskiya. Ya ce Allah ya sa hakan ne alheri, in kula da ita. Washegari sai ga shi a kan babur ɗin haya, ya biyo hanyar da ko maza ba sa son bi a lokacin. Ya gaishe ta, ya zauna kaɗan, ya juya kafin la'asar.

Talata ta zagayo. Wannan karon na sa nas ɗin ta maimaita mini komai da Hausa. Da safiyar Laraba Inna ta roƙi ko kurɓi ɗaya na ruwa, ta kira ni da sunan da take kirana tun ina ƙarama. Na ce a'a, na fita da butar ruwanmu waje don kada zuciyata ta karye.

Awa uku tana cikin ɗakin tiyata. Ina tsaye a baranda nas ɗin ta fito, ta ce an cire ƙarin, sai farfaɗowa. Ta zube a benci tana buɗe kwanon shinkafarta, ta ce wa abokiyar aikinta, “I'm starving.” Da ta ga yadda na zaro ido, ta yi dariya, ta ce haka ake faɗa in yunwa ta ɗan matsa wa mutum, ko da ya karya da safe. Ta matsa mini wuri ta ce in sa hannu.

Bayan kwana tara aka sallame mu. Direban motar Safana ya ba Inna gaba saboda ɗinkin, ni na matsu a baya, ina kallon ƙeyarta duk sanda muka faɗa rami.